Wayar Gayu da Wayar Neman Kuɗi: Yadda Za Ka Bambance Su Kafin Ka Sayo wa Shagonka

Sana'ata ita ce saita wa 'yan kasuwa wayoyi da kwamfutoci a nan Kano, daga masu atamfa a Kantin Kwari zuwa dillalan hatsi a Dawanau da masu rarraba kayan masarufi a Singa. Tambayar da suka fi yi mini ita ce, "Malam, wace waya ce mai kyau yanzu?" Ni kuma ba na iya amsawa sai na ji wanda zai riƙe ta da abin da za a yi da ita. Wayar da za ka saya wa kanka don hoto da kallo da gaisawa da 'yan uwa, ma'auninta daban. Wadda za ka miƙa wa yaron shago, ko direba, ko mai zagayawa da kaya wurin kwastomomi, ita ma nata ma'aunin daban, ko da a shago ɗaya ka sayo su a kasuwar waya ta Farm Centre.

Wayar gayu an ƙera ta don ta burge mai riƙe da ita: kyamara uku a baya, sikirin mai haske, jiki siriri, sauti mai daɗi. Wayar kasuwanci kuwa da wata tambaya nake auna ta. Ranar da ta ɓace, ko aka ƙwace ta, ko wanda ke riƙe da ita ya bar aiki, me ya rage a hannun mai dukiya? In lambar da kwastomomi suka sani da sunayensu da lissafin bashi duk sun bi wayar, to wayar gayu ce aka sa ta aikin da ba nata ba, komai tsadarta.

Da can bambancin a fili yake. Waɗanda suka riƙe BlackBerry wajajen 2010 zuwa 2013 za su tuna Curve da Bold, da biyan kuɗin intanet ɗinta na BIS duk wata, da "ba ni PIN ɗinka". Mu nan don manhajar hirarta ta BBM muka so ta, amma kamfanin Research In Motion na garin Waterloo a Kanada ba don hirar samari da 'yan mata ya fara ƙera ta ba. Ma'aikatan banki da lauyoyi da jami'an gwamnati ya nufa, masu son imel ya riske su duk inda suke. Abin da kamfanoni ke biyan kuɗi a kai shi ne BlackBerry Enterprise Server, wata manhaja da ake girkawa a ofis. Daga nan mai kula da kwamfutoci zai tilasta wa kowa sa kalmar sirri, ya hana kyamara aiki in ya ga dama, ya goge wayar da ta ɓace yana zaune a kujerarsa. Tsaron saƙonninta ya kai har Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka yi barazanar toshe ta a 2010, saboda jami'ansu ba sa iya karanta abin da ke wucewa. Barack Obama ma da ya hau mulkin Amurka a 2009 ya dage sai da aka bar masa tasa.

Sai iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo baya a 2008, dukansu gama-garin mutane suka nufa. Ma'aikata suka fara zuwa ofis da wayoyin aljihunsu suna neman a sa musu imel ɗin aiki a ciki, kamfanonin waya kuma suka ga kasuwa. Samsung ya fito da Knox, tsarinsa na tsare wayoyin aiki, a 2013, Google ya fito da nasa tsarin a 2015, wanda yanzu ake kira Android Enterprise. BlackBerry ya daina ƙera waya da kansa a 2016, kuma a ranar 4 ga Janairun 2022 ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. Bambancin bai mutu da shi ba, cikin waya ya koma. Shi ya sa yau ba za ka gane wayar kasuwanci da ido a cikin gilashin mai shago ba. Sai ka san abin da za ka duba, da yadda za ka saita ta.

Fara da layi tun kafin ka je kasuwa

Mafi yawan asarar da na gani ta lamba ce, ba ta waya ba. Na san wani mai shadda da leshi wanda yaron shagonsa ya buɗe WhatsApp na shago da layinsa na kansa, don a lokacin maigidan bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Aka yi shekaru ana buga wannan lamba a jikin leda da allon shago. Matan da ke saro kaya daga Zariya da Maraɗi da Damagaram duk ita suka sani. Da suka saɓa, yaron ya tafi da layinsa ya kafa nasa teburin, masu oda kuma suka ci gaba da turowa inda suka saba. Babu ƙarar da za a kai, domin da NIN ɗin yaron aka yi wa layin rajista. Ba wanda zai kama hayar shago ya ce wa yaronsa ya je ya sa sunansa a takardar, amma da layin waya kullum haka ake yi.

Tun da hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da NIN a ƙarshen 2020, mai layi shi ne wanda lambarsa ta ɗan ƙasa ke jikinsa. Shi ne zai je ofis a yi masa walkam bak in layin ya ɓace. Saboda haka layin shago ka yi masa rajista da naka NIN, da ƙafarka, kada ka aiki kowa. In kasuwancinka yana da rajistar CAC, tambayi kamfanin sadarwa yadda ake yin layi da sunan kamfani. Kuma kada ka bar layin ya kwana a aljihun tebur wata da watanni ba kira ba kati, domin layin da ya daɗe a kwance ana sake sayar da shi ga wani.

Layin da ke haɗe da asusun banki da BVN ɗinka kuwa, wannan ba ya shiga wayar yaro ko kaɗan. Masu ƙwacen waya sau da yawa ba wayar ce ta dame su ba. Layin suke zarewa su sa a 'yar ƙaramar waya mai tocila, su fara gwada lambobin bankuna na tura kuɗi. Maganinsa bai kai minti biyu ba: shiga saitin waya, ɓangaren Security, ka nemi SIM card lock ka sa wa layin lambar sirri. Daga nan duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar kafin ya kama sabis. In ka yi kuskure sau uku zai nemi PUK, wadda ke rubuce a jikin katin robar da aka ɓallo layin daga ciki, in kuma aka yi kuskuren PUK sau goma layin ya mutu. Don haka adana wannan katin a gida, kada ka yar da shi a bakin rumfar mai rajista.

Sai Gmail. Kai za ka buɗe shi da sunan shago, lambar dawo da asusu ta zama taka, kalmar sirrin kuma ka rubuta a littafin da kake ajiye takardun fili da na mota. Kada ka bar yaran da ke tura karatu da waƙoƙi a kasuwa su buɗe maka "don a samu Play Store ta yi aiki". Su kansu gobe ba za su tuna abin da suka sa ba. Muhimmancin wannan shi ne, tun daga Android 5.1 akwai kullen da ake kira FRP: in aka yi wa waya famat ta bayan fage, ba za ta buɗe ba sai an sa asusun Google ɗin da ke kanta tun farko. In asusun naka ne, kullen kariya ce gare ka. In na yaron da ya tafi ne, wayar da ka saya da kuɗinka ta zama sai ka roƙe shi. A iPhone ma haka abin yake da iCloud, har ya fi tsanani. Da ka gama, kunna Find My Device, wanda Google ya sake wa suna Find Hub, don ka iya ganin inda wayar take, ka kulle ta ko ka goge ta daga wata wayar.

WhatsApp Business ya fito a farkon 2018, kyauta ne, amma har yanzu ina ganin manyan shaguna suna amfani da na gama-gari. Na kasuwancin yana ba ka wurin jera hotunan kaya da farashi, da amsoshin da ka tanada don kada a yi ta rubuta lambar asusu sau ɗari a rana, da alamomin da za ka liƙa wa kowace hira: ya biya, bai biya ba, an kai tasha. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne yadda za ka tsara shi. Ainihin asusun ya zauna a wayar da ke hannunka, yara kuma ka haɗa su ta Linked devices. Ana iya haɗa na'urori har huɗu, kuma tun 2023 wata waya ma tana iya zama ɗaya daga ciki. Kowa yana amsa kwastoma da lamba ɗaya, kai kana ganin duk abin da aka faɗa, ranar da wani ya tafi kuma sai ka danna sunan na'urarsa ka fitar da ita. Sharaɗinsa ɗaya: in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sauran za su fita da kansu. Sa lambar sirri mai lamba shida ta Two-step verification, kuma ka gargaɗi kowa cewa lambar da ke shigowa ta tes ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake kira za a sa ku a taro. GB WhatsApp da 'yan uwansa kuwa ba su da wuri a wayar shago. Ana rufe lamba a kansu, kuma ba ka san hannun da saƙonninka ke bi ba.

Ranar afdet na ƙarshe

Yanzu mu je wurin mai waya. Shi zai fara da kyamara da girman memori. Karɓi wayar ka shiga About phone, ka nemi inda aka rubuta Android security update, ko security patch level a Samsung. Za ka ga kwanan wata. Wannan ce ranar da aka toshe ɓarakar tsaro ta ƙarshe a wayar. Google yana fitar da irin wannan gyara duk wata tun 2015, bayan da aka gano ɓarakar Stagefright, wadda ta sa saƙon bidiyo kawai zai iya ba ɓarawo hanyar shiga waya. Amma gyaran ba ya iso maka sai kamfanin da ya ƙera wayar ya turo shi, kuma a nan ne wayoyi suka sha bamban.

Google ya yi alkawarin afdet na shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023. Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, har Galaxy A16 da ba ta kai su tsada ba ya ba ta shekara shida. Wayoyi masu araha da yawa kuwa shekara ɗaya ko biyu sai a manta da su. Wanda zai sauya waya duk sallah bai damu da wannan ba. Ɗan kasuwar da ke son waya ta yi masa shekara huɗu da manhajar banki a ciki, dole ya damu. Ni lissafin da nake yi wa mutane shi ne, raba kuɗin wayar da shekarun afdet da suka rage mata. Sau da yawa wadda ta fi tsada a yau ita ce ta fi araha a shekara. Tsohuwar iPhone ma ba ta tsira ba: iPhone 7 ta tsaya a iOS 15, iPhone X a iOS 16, kuma a 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 6. Tambarin tuffa a baya ba ya hana waya tsufa.

Duba abu ɗaya kuma. Buɗe Play Store, shiga saitinsa, gangara ƙasa ka ga ko an rubuta Device is certified. Wayoyin da aka yi don kasuwar cikin China, da sababbin Huawei tun bayan takunkumin Amurka na 2019, ba sa zuwa da manhajojin Google. Masu gyara suna da dabarun cusa su, amma ba na gina lissafin shago a kan dabara. Google yana da jerin wayoyin da ya amince da su don aiki, Android Enterprise Recommended, tun 2018, kuma kowa yana iya dubawa a intanet kafin ya fita.

Kada a ɗauka ina kushe Tecno da Infinix da itel. Kamfanin Transsion da ke ƙera su ya san kasuwarmu: layi biyu, batir mai juriya, farashin da talaka zai iya, ga wuraren gyaransa na Carlcare, ga kayan gyara a kowane lungu. In aikin yaro shi ne ɗaukar hoton atamfa da amsa oda ta WhatsApp ɗin da ka haɗa masa, irin waɗannan sun wadatar, kuma su nake sa wa mafi yawan shaguna. Wayar da kuɗi ke kwana a cikinta, wato taka, ita ce nake cewa a ƙara kuɗi a sayi mai dogon afdet.

In waya ɗaya ce za ta yi aiki biyu

Ba kowa ke iya raba wa ma'aikata wayoyi ba, wasu kuma ba sa son yawo da biyu. Android tana da abin da ake kira Work profile. Waya ɗaya ce amma an raba ta gida biyu. Manhajojin aiki suna ɗauke da alamar 'yar jakar ofis, lambobinsu da fayilolinsu daban. Kamfani yana da iko da ɓangaren aiki kawai: zai iya goge shi daga nesa, amma ba ya ganin hotunan iyalin ma'aikaci ko hirarsa. Da yamma kuma ma'aikacin yana iya dakatar da ɓangaren aikin ya huta. Wannan yana buƙatar kamfani ya yi rajista da wata hidimar kula da wayoyi, kamar Google Workspace ko Microsoft Intune, kuma ana biya a kan kowane ma'aikaci.

Ga mai shago ɗaya da wayarsa ke yawo a hannun yara a gida suna gem, Secure Folder na Samsung ya isa, ko Private space da ya zo da Android 15. Sa manhajar banki da WhatsApp Business a ciki da wata lambar sirri daban. Amma kada ka rikita wannan da App Twin ko XClone ko Dual Messenger. Su kwafin manhaja kawai suke yi don ka hau lamba biyu, ba katanga ba ce.

In ma'aikatanka sun haura goma, suna yawo garuruwa da kaya da rasit, to lokacin saita wayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu ya wuce. A nan ake yin cikakken iko da waya. Yadda ake yi yana burge duk wanda ya gani karon farko: sabuwar waya, ko wadda aka yi wa famat, a shafin farko na maraba sai ka taɓa sikirin sau shida a wuri ɗaya, kyamara ta buɗe, ka nuna mata lambar QR ta kamfani, wayar ta sauke dokokinta da kanta. Daga nan ba a sa manhajar da ba ka yarda ba, ba a yi mata famat, ba a cire kalmar sirri. Kana iya ma kulle ta a kan manhaja ɗaya tak. Samsung yana da nasa ta hanyar Knox, Apple kuma yana da Apple Business Manager. In kana ganin wannan abin Turawa ne, dubi na'urar POS ta Moniepoint ko OPay da ke kan teburin maƙwabcinka. Da yawansu Android ce a ciki, an ɗaure ta a kan aiki ɗaya, shi ya sa ba wanda ke kallon TikTok da ita. Wayoyin da ake bayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan, waɗanda ke kulle kansu in ba a biya ba, su ma wannan fasahar ce.

Ga wanda bai kai nan ba, akwai App pinning a ɓangaren Security na kusan kowace Android. Yana tsayar da waya a kan manhaja ɗaya har sai an sa lambar sirri. Yana da amfani in za ka miƙa wa kwastoma waya ya zaɓi kala.

Abu ɗaya nake jaddada wa iyayen gida: faɗa wa yaro abin da kake gani da abin da ba ka gani. In wayar shago ce kuma kana ganin inda take, ya sani tun ranar farko. Sa masa manhajar leƙen asiri a wayarsa ta kansa cin amana ne, kuma ba na yin wannan aikin ko nawa za a biya. Lambobin kwastomomi da hotunan rasit ɗinsu ma amana ce a wuyanka, kuma Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023.

Tokumbo

Fasahar nan ta cikakken ikon kamfani da waya ita ce ke cizon masu sayen wayar hannu daga waje. Kamfanoni a Amurka da Ingila suna sauya wa ma'aikata wayoyi, tsofaffin su biyo kwantena, wasu ba a cire su daga rajistar kamfanin ba. Wayar tana aiki lafiya a hannun mai sayarwa. Ranar da ka yi mata famat sai ta tsaya a shafin da aka rubuta Remote Management, ko ta ce ita mallakar wata ƙungiya ce. Saboda haka a gabansa za ka sa a goge ta gaba ɗaya, ka haɗa ta da intanet, ka bi saitin daga farko har ta buɗe. In ya ce ba lokaci, ko ya ce "an riga an yi mata baifas", wato an zagaye kullen da dabara, ajiye masa kayansa, domin baifas yakan warware da famat ko afdet na gaba. A iPhone duba VPN & Device Management a ƙarƙashin General, kada ka ga sunan wani kamfani, sannan a About ka tabbatar an rubuta No SIM restrictions. Danna *#06# ka ga IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka sa a rubuta maka ita a rasit da sunan shago. Ranar da aka zo bin sawun wayar sata, wannan takardar ce za ta yi maka magana.

Jiki da batir

Wayar gayu gilashi ce gaba da baya. Wayar da za ta wuni a Dawanau cikin ƙurar hunturu, ko a gaban mota a zafin watan Afrilu, ba ta buƙatar wannan ado. Akwai waɗanda aka ƙera don wahala, kamar Galaxy XCover 7 ta 2024: ana cire batirinta a sa wani, tana da maɓalli a gefe da za ka ɗora wa aikin da kake so, kuma tana da IP68. Lambar farko, 6, tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun kuma juriyar ruwa ce. Manyan ɗakunan ajiya a waje suna amfani da na Zebra da Honeywell masu karanta lambar jikin kaya. Sai dai kafin ka yi odar irin waɗannan, zagaya Farm Centre ka tambayi sikirinsu. In ba wanda ke da shi, faɗuwa ɗaya za ta zaunar da ma'aikacinka ana jiran saƙo daga Legas ko Dubai. Mafi yawan lokaci na fi son waya gama-gari mai batir 5000 mAh zuwa sama, da gida mai kauri, da gilashin kariya, da fawa bank. In za ka sayi da yawa, sayi iri ɗaya: caja ɗaya, gida ɗaya, wadda ta mutu a ciri kayanta a gyara wata. Kuma ka sani, wayar da mai gyara ya taɓa buɗewa, juriyar ruwanta ta tafi da gam ɗin da ya ɓamɓare.

Ranar miƙawa da ranar karɓa

Ranar da za ka ba yaro waya, rubuta a littafin shago: irin wayar, IMEI, lambar layin, kwanan wata, ya sa hannu. Ku yi magana tun lokacin a kan wanda zai biya in sikirin ya fashe, da wanda ke sa data, da ko yana tafiya da ita gida. Ka kuma kafa masa doka cewa alat na tes ba hujja ba ne. Kaya ba sa fita sai kai ka ga kuɗin a manhajar banki, ko POS ta fitar da rasit. Lambobin kwastomomi kuma a Gmail ɗin shago ake adana su, ba a kan layi ko cikin wayar ba, don in ta faɗa kwata gobe ka same su a sabuwa.

Ranar rabuwa, ko lafiya aka rabu ko ba lafiya ba, jeri ɗaya nake bi, kuma kafin a zauna lissafi ake yin sa. Fitar da na'urarsa daga Linked devices. Sauya kalmar sirrin Gmail da ta Facebook da Instagram na shago, ka duba ko lambarsa ko imel ɗinsa suna cikin hanyoyin dawo da asusun, ka cire. Karɓi waya da layi, ka kira layin a gabansa ka ji ya yi ƙara a hannunka. Sa shi ya fitar da duk wani asusun Google ko iCloud nasa da ya ƙara, da hannunsa, ka kuma ba shi dama ya kwashe hotunansa. Bayan haka sai a yi famat daga cikin saitin waya, a sake sa Gmail ɗin shago, a buɗe sabon shafi a littafin da sunan wanda zai karɓa.